Marigayiya Ladi Kwali: Maginiyar Tukwanen Da Ke Bayan Naira Ashirin

Duk ɗan kasuwar da ke harka da Najeriya, ko mai shago ne a unguwar Dugoi ta Marwa, ko ɗan canji a babbar kasuwar Garwa, ko mai ɗauko kaya daga Mubi, ya sha riƙe takardar Naira ashirin ta leda, wadda mutanen Najeriya ke kira Murtala. Kowa ya san mutumin da ke gabanta da yadda aka kashe shi a Legas a 1976. Amma idan aka juya bayan takardar za a ga wata mata ta duƙufa a kan tukunya, kuma da wuya a sami mutum ɗaya cikin goma a rumfunan canji da zai iya faɗin ko wace ce. Sunanta Ladi Kwali. Ba ta yi boko ba, ba ta riƙe sarauta ko muƙamin gwamnati ba, ginin tukwane kawai ta iya. Sai dai ta koyi sana'ar har sau biyu, a hannun mutane biyu da suka sha bamban da juna, kuma abin da kowane koyon ya jawo mata, da abin da ya jawo wa mutanen garinsu, shi ne dalilin kawo tarihinta a wannan fili.

Haihuwarta da koyon farko

An haifi Ladi a wajejen 1925 a garin Kwali da ke ƙasar Gwari, mutanen da ke kiran kansu Gbagyi ko Gbari. Garin yana kan hanyar da ta tashi daga Abuja zuwa Lakwaja, gaba da Gwagwalada, kuma a yau yana ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi 6 na Babban Birnin Tarayyar Najeriya. A lokacin haihuwarta kuwa ƙauye ne a ƙarƙashin Sarkin Abuja. Kada mai karatu ya rikice, Abujar da ake nufi a nan ita ce ta asali, wadda sarakunan Haɓe na Zazzau suka kafa a 1828 bayan jihadi ya raba su da Zariya, ita ce kuma aka sake wa suna Suleja bayan da gwamnatin Murtala ta yanke shawarar gina sabon babban birni a 1976, aka ɗauki sunan aka ba shi. Sunan Ladi kansa na Hausa ne, na macen da aka haifa ran Lahadi, domin Hausa ce harshen kasuwa da na fada a wannan yanki.

A ƙasar Gwari ginin tukwane sana'ar mata ce. Ladi ta koya tun tana ƙarama a hannun wata 'yar'uwar iyayenta, kamar yadda al'ada take. Irin wannan koyo ba shi da ranar farawa, ba shi da kuɗin makaranta. Yarinya takan fara ne da rakiya zuwa ramin yumɓu, ta ɗauko a kafaɗa, ta daka, ta kwaɓa, ta tara itace da ciyawar toyi, tana yi tana kallon hannun babba. Sai an ga ta fara hankali a ba ta ɗan curi ta yi ƙaramin kasko. Kafin a bar ta ta taɓa randa an kwashe shekaru.

Yadda matan Gwari ke gini abin kallo ne. Ba su da wani inji. Ana aza curin yumɓu a kan wani abu da ba ya motsi, maginiya ta huda tsakiyarsa, ta riƙa jan gefen sama da yatsu, tana kewaya tukunyar da ƙafafunta. Wato tukunya tana tsaye, mutum ne ke juyawa. Idan yumɓun ya ƙare sai ta murza wani kamar igiya ta ɗora, ta shafe, ta ci gaba da kewayawa har cikin tulun ya fito, wuya ya fito, baki ya fito. Ana kankare ciki da sakaina ko ɓawon katantanwa. Kafin ya bushe sarai sai a yi masa zane da 'yar wuƙa, a kuma mirgina tufkakkiyar igiya ko ɗan sassaƙaƙƙen itace a jikinsa. Daga nan sai matoya: a jera tukwane a fili, a lulluɓe su da itace da busasshiyar ciyawa, a cinna wuta, kafin wani lokaci mai tsawo an gama.

Abin da ya bambanta Ladi da sauran shi ne daidaiton tulunta da kuma zanenta. Takan raba jikin tulu gida-gida da layuka, a cikin kowane gida ta zana kunama, ko ƙadangare, ko kada, ko hawainiya, ko maciji, ko kifi, ko tsuntsu. Danginta sun ba da labarin cewa tun tana budurwa sau da yawa akan saye kayanta kafin su isa kasuwa. Kowane ɗan kasuwa ya san ma'anar wannan. Sunanta ya yi ta tafiya har ya kai fada, inda Sarkin Abuja Alhaji Sulaimanu Barau, wanda ya yi sarauta daga 1944 zuwa 1979, ya sayi tulunanta da dama ya ajiye a gidansa don ado.

Zuwan Baturen tukwane

A gidan sarkin ne wani Bature ɗan Ingila mai suna Michael Cardew ya fara ganin aikinta a 1950. Shi ma wannan Bature ɗan koyo ne a asalinsa. Ya yi karatu a Jami'ar Oxford, amma ya ajiye takardunsa ya tafi ya zauna a ƙarƙashin wani mashahurin magini, Bernard Leach, a 1923, ya yi masa yaranta har ya ƙware. A shekarun 1940 ya yi aiki a ƙasar da ake kira Gana a yau, inda ya yi ta fama da yumɓu da tanderu ba tare da wata riba ba. A 1950 Gwamnatin mulkin mallaka ta Najeriya ta ɗauke shi a Ma'aikatar Ciniki da Masana'antu a matsayin jami'in tukwane, aka ce ya zagaya ƙasa ya gano yadda za a inganta sana'ar.

Ya zagaya, ya rubuta rahoto, kuma abin da ya gano ya saɓa wa abin da aka aike shi nema. Ya ga cewa tukwanen gargajiya ba su bukatar wani gyara. Suna da araha, suna jure harshen wuta, suna sanyaya ruwa, kuma masu yin su sun san aikinsu ciki da bai. Shawarar da ya bayar ita ce a ƙyale matan da sana'arsu, a kafa wata sabuwar sana'a daban ta kayan tangaran, wato faranti da kofi da butar shayi masu ƙyalli, don ma'aikata da 'yan boko da ke sayen na ƙasashen waje. Ya zaɓi Abuja saboda akwai yumɓu mai kyau a kusa, akwai itace da ruwa, ga kuma sarki mai son abin. Cibiyar Koyar da Ginin Tukwane ta Abuja ta fara aiki a 1952. Ɗaliban farko duk samari ne maza, galibinsu ba su gaji sana'ar ba, kuma manufar ita ce kowa ya koya ya koma garinsu ya buɗe nasa wurin.

A watan Disamba na 1954 Ladi ta shiga wannan cibiya, ita ce mace ta farko. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya. Mace ce mai kimanin shekara 30, gwana wadda sarki ke sayen kayanta, ta bar ƙauyensu ta zo ta zauna cikin samarin da ba su kai ta sanin yumɓu ba, ta koma 'yar koyo. Wanda ya taɓa zama mai gidan kansa a kasuwa, sannan hali ya sa ya koma yaron wani, shi zai fi gane nauyin wannan.

Ta koyi aiki da faifan gini, wanda ake juyawa da ƙafa, tukunya na juyawa mutum na zaune, akasin abin da ta saba. Ba ta daɗe ba ta ƙware. Ta yi faranta da kwanuka da kofuna da tukwane masu murfi. Takan tsoma su cikin ruwan yumɓu mai launi, kafin ya bushe ta ɗauki ƙayar beguwa ta zana dabbobin nan nata na Kwali. Amma manyan tuluna ba ta yarda ta ɗora su a kan faifai ba. Da hannu ta ci gaba da gina su, tana kewayawa, kamar yadda aka koya mata a gida. Abin da ya sauya shi ne yumɓun da wutar. Yanzu da yumɓun cibiya ake ginawa, a cike zanen da farar ƙasa, a shafe da ruwan ƙyalli, a sa a tanderun bulo da ake ciyar da shi itace dare da rana har zafinsa ya haura digiri 1,200.

Tulun da ba ya sanyaya ruwa

Abin da ya fito daga tanderun nan ba a taɓa ganin irinsa ba, kuma yana da kyau ƙwarai, babu mai musun wannan. Sai dai ya daina zama tulu. Duk matar gida ta san dalilin da ya sa ruwan randa ke da sanyi: jikin randa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa na tsattsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, tana tafiya da zafin. Idan aka toya yumɓu da wuta mai tsanani aka kuma rufe shi da ƙyalli, ƙofofin sun toshe ke nan. Ruwan da aka zuba da rana haka zai kwana da ɗuminsa. Ga nauyi, wanda ya sa ba mai ɗaukarsa zuwa rafi, balle matan Gwari da a kafaɗa suke ɗaukar kaya. Ga kuma tsada. Tulun da ya ci itacen tanderu da albashin ma'aikata ba zai sayu a kasuwar Kwali ba ko da an yi ragi.

To su wa suka saya? Turawan da ke aiki a Najeriya, da manyan ma'aikatan gwamnati, da ofisoshin jakadanci, sai kuma masu tara kayan fasaha a Turai. Cardew ya kai kayan cibiyar baje koli a wani zaure da ake kira Berkeley a Landan a 1958 da 1959 da 1962, kuma tulunan Ladi ne suka fi ɗaukar hankali. An kuma nuna aikinta a bikin samun 'yancin kan Najeriya a 1960. Wannan suna da aka yi a waje ya taimaka wa cibiyar ta ci gaba da tsayuwa, domin a matsayinta na masana'anta ba ta cim ma abin da aka kafa ta dominsa ba. Farantin Abuja bai iya gasa da kwanon sha da tangaran na kanti a farashi ba, kuma kaɗan ne daga cikin samarin da aka koyar suka iya kafa nasu wurin. Dalilin a fili yake. Maginiyar ƙauye jarinta ramin yumɓu ne da ciyawa. Wanda ya koyi aikin cibiya kuwa yana bukatar tanderu, da injin niƙa duwatsun ƙyalli, da itace mota-mota, da masu saye da ke da kuɗi. A harshen kasuwa, an koya wa yaro ciniki, amma ranar sallama ba a ba shi jari ba, kuma kayan da ya iya sayarwa babu masu sayensu a garinsu.

Abin mamaki a nan shi ne, cibiyar da aka kafa don maza su yi kayan zamani, mace ce ta fito da sunanta, kuma da tsohon ginin da aka ce a bar wa ƙauye. Kafin Cardew ya ajiye aiki a 1965 wasu mata huɗu 'yan Gwari sun biyo sahun Ladi: Halima Audu, da Lami Toto, da Asibi Ido, da Kande Ushafa. Suna da ɗakinsu daban a cikin cibiyar, wanda ake kira Ɗakin Gwari, inda ake gina manyan tuluna da hannu. Waɗannan mata sun sami albashin wata da sunan kansu a kan kayansu, abin da maginiyar ƙauye ba ta taɓa samu ba, domin a kasuwa tulu na garin da ya fito ake dangantawa, ba na wadda ta gina shi ba.

Ita kuwa Ladi duniya ta buɗe mata. A farkon shekarun 1960 ta je Ingila da Faransa da Jamus, tana gini a gaban malamai da ɗaliban makarantun fasaha. A 1963 Ingila ta ba ta lambar girmamawa ta MBE. A 1972 ta zagaya Amurka tare da Cardew da wani magini ɗan Gana, Kofi Athey, suna bin jami'o'i ɗaya bayan ɗaya. Duk inda suka je, abin da jama'a ke cika zaure don su gani shi ne matar nan tana kewaya curin yumɓu, babu inji, babu ma'auni, har tulu ya miƙe daidai ta kowane gefe. Wato abin da 'yar'uwar iyayenta ta koya mata kyauta a tsakar gida shi ne aka biya kuɗin jirgi don a kalla.

Abin da masu bincike suka gano a ƙasarmu

Wannan riƙo da Ladi ta yi wa ginin hannu ba taurin kai ba ne, kuma binciken da aka yi a nan Kamaru ya taimaka wajen fahimtarsa. Wani masani ɗan Beljiyam, Olivier Gosselain, wanda ya zauna da magina a kudancin Kamaru, daga baya kuma a Nijar, ya nuna cewa sassan sana'ar ba ɗaya suke ba wajen sauyawa. Ado da zane da yadda ake haɗa yumɓu, maginiya na iya kwaikwayonsu daga maƙwabciya ko daga abin da ta gani a kasuwa. Amma yadda hannu ke tayar da tukunya daga curi, wannan tun ƙuruciya yake shiga jiki a gaban mai koyarwa, kuma da wuya ya sauya ko da mace ta yi aure a wata ƙabila. Ladi ta karɓi sabon yumɓu, da sabuwar wuta, da ƙyalli, amma da aka zo kan babban tulu sai hannunta ya koma Kwali.

Wata mai bincike kuma, Hélène Wallaert, ta yi aiki a arewacin Kamaru a shekarun 1990, ta kuma wallafa sakamakon a 2001. Ita kan koyon kansa ta tsaya. Ta kwatanta magina mata na ƙabilun Dii da Dupa da Dowayo, waɗanda ke kudu da Garwa, da na Fali da ke kewayen Garwa zuwa arewa. A wurin ukun farko ta tarar koyo a rufe yake: yarinya na kallo tana kwaikwayo, ba a son yawan tambaya, ba a son ta kauce daga yadda uwa ke yi, kuskure kuma abin kunya ne. Sakamakon shi ne tukwanensu iri ɗaya ne daga kaka zuwa jika, amma idan aka ba maginiya wani sabon fasali aka ce ta gwada, sai ta noƙe. A wurin Fali kuwa ana barin yarinya ta gwada ta ɓata ta sake, don haka maginansu sun fi saurin karɓar sabon abu da bin abin da masu saye ke so. A ganina babu ɗaya daga cikin hanyoyin biyu da za a ce ita ce daidai. Ta farko na tsare sana'a kada ta lalace, ta biyu na ba ta damar bin kasuwa, kuma duk ubangidan da ya taɓa riƙe yara a shago ya san wannan ja-in-ja, tsakanin yaron da ke bin umarni sak da wanda ke son a bar shi ya gwada dabararsa.

Akwai kuma wani bambanci da ya kamata a ambata. A duwatsun Mandara, wajen Mokolo da Rumsiki, a tsakanin Mafa da Kapsiki, ginin tukwane na matan gidan maƙera ne, kuma gidajen maƙera a junansu suke aure. A can ba kowace yarinya ce ke da ikon koyo ba, sai wadda aka haifa a ciki, kuma wadda aka haifa a ciki da wuya ta fita. Irin wannan tsari yana hana baƙo shiga ya raba kasuwa, amma ranar da 'ya'yan gidan suka juya wa sana'ar baya, babu wani na waje da zai ɗauka.

Ɗalibanta

Ladi ba ta rufe nata ilmin ba. A 1974 wata budurwa 'yar Kenya mai karatun fasaha a Ingila, Magdalene Odundo, ta zo Abuja bisa shawarar Cardew, ta zauna 'yan watanni, Ladi da sauran matan Ɗakin Gwari suka koya mata ginin hannu. Wannan budurwa ta zama ɗaya daga cikin maginan da suka fi suna a duniya, manyan gidajen tarihi na rububin kayanta, a 2018 kuma aka naɗa ta uwar jami'ar da ta yi karatu a cikinta a Ingila. Ta sha faɗa a bainar jama'a cewa zamanta na Abuja ne ya ɗora ta a kan hanya. Ashe ke nan ginin matan Gwari ya sami magajiya, amma a wata ƙasa.

A gida ma cibiyar ta bar baya, ko da yake ba yadda aka tsara ba. Michael O'Brien, wanda ya gaji Cardew a 1965, ya mai da hankali kan yadda za a rage tsadar tanderu da kayan ƙyalli don ɗan ƙasa ya iya tsayawa da ƙafarsa. Ɗalibinsa Danlami Aliyu ya kafa nasa wurin a Minna, daga wannan reshe kuma aka sami wuraren ginin tangaran na Maraba kusa da Kaduna da na Bwari kusa da sabuwar Abuja. Ƙauyen Ushafa, wanda shi ma na magina mata ne 'yan Gwari, ya yi suna har Shugaban Amurka Bill Clinton ya ziyarce shi a watan Agustan 2000.

Girmamawa ta zo wa Ladi daga gida a ƙarshen rayuwarta. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa na dakta, matar da ba ta taɓa zama a aji ba. A 1980 Gwamnatin Najeriya ta ba ta lambar yabo mafi girma da ake bai wa masana da masu fasaha, a 1981 kuma aka ƙara mata da lambar OON. A farkon shekarun 1980 aka sa wa cibiyar sunanta. Cardew ya rasu a Ingila a watan Fabrairun 1983. Ita kuma Allah Ya yi mata rasuwa a Minna ranar 12 ga Agusta, 1984, tana da kimanin shekara 59.

Bayan rasuwarta

Sunanta bai ɓace ba. Akwai titi mai sunanta a sabuwar Abuja, kayanta suna gidan tarihi na Victoria da Albert a Landan da na Smithsonian a Washington, kuma a 2022 an yi wani babban baje koli a Landan wanda aka gina a kan aikinta da na matan da suka biyo bayanta. Tulunanta, idan suka fito gwanjo a Turai, da dubban fam ake maganarsu. Cibiyar ta Suleja kuwa ba ta yi irin wannan sa'a ba. Bayan ta koma hannun gwamnatin jiha sai kulawa ta ragu, kuma a shekarun 2000 masu ziyara sun riƙa tarar da tanderu a mace da ɗakuna a lalace.

Su kuma matan ƙauye da aka ce a ƙyale su da sana'arsu, ba tangaran ɗin Bature ne ya taɓa kasuwarsu ba. Bokitin roba ne, da jarka, da kula, da tukunyar alminiyo, kayan da ba sa fashewa a mota, kuma mu 'yan kasuwa mu ne muka kai su kowane lungu, daga Kano zuwa Mubi, daga Mubi zuwa Garwa da Marwa. Ba laifi ba ne, mai saye ne ke zaɓa. Randa dai ta ƙi mutuwa, domin har yanzu roba ba ta iya sanyaya ruwa ba, kuma wanda ya yi watan Afrilu a Garwa ba tare da wutar lantarki ba ya san darajarta. Abin da ke raguwa shi ne yarinyar da za ta yi shekara bakwai ko takwas tana bin uwa ramin yumɓu. Ga makaranta, ga talla, ga kuma ƙarancin abin da tulu ke kawowa idan aka kwatanta da wahalarsa. Sana'ar da ba a rubuce take ba, tsara ɗaya ce tsakaninta da ɓacewa.

A watan Fabrairun 2007 Babban Bankin Najeriya ya fitar da sabuwar Naira ashirin ta leda, ya sa hoton Ladi a bayanta. A bayan Naira goma ma akwai mata, Fulani masu tallar nono da ƙorensu, amma su ba a san sunansu ba. Masu canji da suka daɗe a harkar za su tuna cewa a wannan sauyin ne aka cire rubutun ajami daga ƙananan takardun kuɗi, aka rubuta Naira ashirin da boko, abin da ya jawo ce-ce-ku-ce a Arewa. A kayan cibiyar Abuja kuwa ajamin na nan daram, don an toya shi cikin yumɓu. Kowane abu da ya fito daga can yana da hatimi mai ɗauke da sunan Abuja da haruffan Larabci, a gefensa kuma hatimin wanda ya gina. Yawancinsu sun tafi Turai, amma wasu sun rage a gidajen tsofaffin ma'aikata da sarakuna a Arewa, wani lokaci magada kan fitar da su tare da tarkacen gida. Dillalin da ya ci karo da kwano ko tulu mai nauyi, mai duhun ƙyalli, da zanen ƙadangare ko kunama, ya juya gindinsa ya duba kafin ya yi masa kuɗi. Hatimin Ladi haruffan boko biyu ne, L da K.